Ku Tambaya Mu Amsa: Ayarin masu jan gida a bayan mota

Tun da muka saka hoton nan na fararen tireloli masu ƙyalli jere a hamadar Arizona da ke Amurka a fitowar da ta wuce saƙonni suka yi ta shigowa, wasu na tambaya da gaske wasu na tsokana. Na tsinci waɗanda suka fi maimaituwa, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni fa ban gane ba, tirela dai irin ta ɗaukar siminti ce mutane ke kwana a ciki ko yaya? Kuma wa ya fara wannan abin, talauci ne ko neman suna? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Ba ta siminti ba ce. Ɗaki ne a kan taya, ba shi da inji, ana maƙala shi a bayan akori-kura ko babbar jif a ja shi. A ciki akwai gado, ɗan kicin da murhun gas, firij, banɗaki, wasu har da falo da talabijin. Tsawonta daga kamar mita 5 zuwa 10 ko fiye. In mutum ya isa zango sai ya cire ta daga motar ya kafa ta, motar kuma ya shiga gari da ita cefane.

Zancen talauci kuwa, a'a. Akwai dai waɗanda tsadar haya ta kora suka koma zama a mota, wannan wani labari ne daban kuma mai ɗaci. Amma masu tafiya a ayari yawancinsu tsofaffi ne 'yan fansho masu rufin asiri, sun gama aurar da 'ya'ya, wasu ma sun sayar da gidan gaba ɗaya.

Abin ya daɗe. Tun 1919 aka kafa wata ƙungiya ta masu yawon kwana a mota a garin Tampa da ke Fulorida. Amma wanda ya mayar da shi ayari sosai shi ne Wally Byam, mai kamfanin Airstream, su ne masu tirelar alminiyon ɗin nan mai kama da jikin jirgin sama da kuka gani a hoton. A 1951 ya ja mutane daga El Paso a Texas zuwa Managua a Nikaraguwa, tirela 63 suka tashi, 14 kacal suka kai ƙarshe, saura hanya ta cinye musu taya da gatari da haƙuri. Duk da haka mutumin bai daddara ba. A 1955 masu binsa suka kafa kulob da sunansa, da shuɗiyar hularsu da jan lamba da suke mannawa a goshin tirela, kuma kulob ɗin na nan har gobe. A 1959 ya kwaso tirela 41 zuwa Afirka, suka taso daga Cape Town suka bi ta Kongo da Yuganda da Kenya da Habasha inda Sarki Haile Selassie ya karɓe su, suka ratsa Sudan, ba su isa Alƙahira ba sai 1960. Kafin wani ya tambaya, ba su biyo ta wajenmu ba, gabas suka bi. Neman suna kam akwai shi a ciki, ai ɗan kasuwa ne, duk hoton tirelarsa a gaban dalar Giza talla ce.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni direban tasi ne a unguwar Bronx da ke birnin New York shekara da shekaru, yanzu yara sun girma na ɗan tara wani abu, ina so in sayi irin tirelar nan ni da uwargida mu bi ayari daga New York har Kalifoniya muma mu ga ƙasar da muka tsufa a cikinta, don wallahi banda filin jirgi da New Jersey ba inda na sani. Abokina ya ce ya fi jirgi da otal arha nesa ba kusa ba. Ina da jif ƙarama. Me ka gani?

AMSA: Alhaji sannu da ƙoƙari, niyyar ta yi kyau, kuma ina goyon bayan ka je. Amma abokin nan naka ko dai bai taɓa yi ba ko kuma yana da tirelar da yake son sayar maka.

Bari mu yi lissafi a fili. Daga New York zuwa Los Angeles wajen mil 2,800 ne in ka miƙe ba ratse, kuma ayari ba ya miƙewa, ratse shi ne sana'arsa. Mota in tana jan tirela shan manta kusan ninkawa yake, galan ɗaya ya kai ka mil 10 ka gode Allah. Kaga galan 280 ke nan zuwa kawai, in ka saka galan a dala uku da rabi ka doshi dala dubu, sannan ka dawo. Zango mai wuta da ruwa kowane dare sai ka ajiye dala 40 zuwa 80, kusa da wuraren da ake rububi ya fi haka. Ga kuɗin ayarin kansa in na kamfani ne, dubban daloli. Ga inshora, ga kuɗin gada da na hanya da ake caji da yawan gatari, ga kuma abin da 'yan New York ke mantawa: ina za ka ajiye ta sauran wata goma sha ɗaya na shekara? A bakin titin Bronx? Tikiti zai gama da kai, dole sai ka kama haya a filin ajiya kana biya duk wata.

Toh me ake saya da kuɗin ayari in ba arha ba? Kwanciyar hankali. Akwai madugu, yawanci shi da matarsa, sun san hanyar, sun kama wuraren kwana tun watanni kafin a tashi, wanda ba ƙaramin abu ba ne don zangon gandun dajin gwamnati irin su Yellowstone da Grand Canyon tun wata shida ko fiye ake cike su a intanet. Za su ba ka littafin hanya, mil kaza ka juya dama, a nan akwai gidan mai da tirela za ta iya shiga ta fita, kar ka bi ta can gadar gajeriya ce. Sannan akwai na ƙarshe, mai bin baya, shi ba ya barin zango sai kowa ya fita, yana ɗauke da kayan aiki, in ka yi faci ko wani abu ya tsinke shi zai tsaya a kanka har a samu mafita. Duk wanda ya ji labarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ya san tsarin, madugu a gaba, a sauka tare a tashi tare, bambancin kawai nan jakin yana shan fetur.

Kuma kar ka ɗauka jerin gwano ake yi tirela 20 hanci da wutsiya. Ba a so ma. Da yamma ake zama taron direbobi, kowa da kujerarsa mai naɗewa da kofin shayi, madugu ya karanta hanyar gobe, da safe a fita uku-uku ko hurhuɗu da tazara a tsakani don manyan motoci su samu wurin wucewa, ana magana ta oba-oba ko waya. Ba a cika wuce mil 200 zuwa 300 a rana ba, ana so a sauka kafin la'asar. Kai da ka saba awa goma sha biyu a sitiyari wannan zai fara ba ka haushi, za ka ga kamar wasa ake, amma jan tirela awa biyar ya fi tasi awa goma gajiyarwa.

Yanzu jif ɗinka. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, an rubuta iya nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya duka. Littafin motar kuma zai gaya maka iya abin da za ta ja. Mai sayar da tirela zai ce maka ai za ta ja, eh za ta ja a filin ajiye motoci, tambayar ita ce za ta tsayar da ita a gangaren Kolorado? Babbar hanya mai lamba 70 tana hawa sama da mita 3,300 a ramin Eisenhower, inda hanyar ta huda dutse ta bi ta ciki, daga nan kuma sai gangara mai tsawo. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar yana sauka ne a kan ƙugiyar da ake maƙala ta a bayan motarka, wato tirela mai kilo 2,500 ta ɗora maka kilo 300 a bayan mota kafin kai da Hajiya da kulolin abinci ku shiga. Ƙananan jif da yawa a nan suke faɗuwa.

Shawarata kar ka sayi komai bana. Akwai manhajoji irin su Outdoorsy da RVshare da masu tirela ke bayar da haya. Ka ɗauki ƙarama na kwana uku ku je nan kusa, Catskills ko Pennsylvania, ka gwada ribas da ita, don ribas da tirela juyayye ne, ka murza hagu ta tafi dama, kuma Hajiya ce za ta tsaya a baya tana maka ishara da hannu mutanen zango na zaune suna kallo, wallahi auren shekara talatin ya sha girgiza a wannan wurin. In kun dawo kuna magana da juna sai a yi zancen saye. Kuma ka sani kulob ɗin Airstream sai mai Airstream, su kuwa da tsada suke, ayarin kamfanoni ne ke karɓar kowace iri. Abu na ƙarshe da kai ka fi ni sani: hanyoyin nan na parkway irin Hutchinson da Bronx River an hana tirela, gadojinsu gajeru ne, kar taswirar waya ta kai ka ta baro.

TAMBAYA: Don Allah yara za su iya zama a cikin tirelar suna barci ana tafiya? Wata uwa daga Ohio.

AMSA: A'a Hajiya. A yawancin jihohi doka ta hana, inda ma ba ta hana ba kar ki yarda. Babu bel a ciki, bangon siriri ne, kuma jijjigar da ake yi a ciki ba ki ji ta daga gaba. Kowa a mota, har kyanwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ya nace sai mun bi irin ayarin nan wata mai zuwa da abokan aikinsa Turawa. Ni damuwata uku ce, banɗaki da tsarki, sallah, sai abinci. Ga ni da hijabi, ga mu baƙaƙe, ana ta ba mu tsoro da ƙauyukan tsakiyar ƙasar. Daga 'yar'uwarku a Maryland.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Na fara da banɗakin tunda shi ne kowa ke jin kunyar tambaya. Tirela tana da tanki uku a ƙarƙashinta, na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na masai. Mu masu buta tankinmu ya fi na Bature saurin cika, wannan gaskiya ce, ki saka a lissafi. Duk kwana biyu zuwa huɗu sai an zubar, akwai rami na musamman a zango, a sa safar hannu ta roba a jona ƙaton tiyo, a fara buɗe na masai ya gama sannan a buɗe na wanka don ruwan sabulun ya wanke tiyon. Ki gaya wa maigida tun yanzu wannan aikin nasa ne tunda shi ya nace. Tiyon ruwan sha daban ne, fari, kar a taɓa haɗa su wuri ɗaya. Banɗakin ƙarami ne sosai, alwala a ciki sai an yi dabara, da yawa sun fi ganewa su yi a waje a gefen tirela da buta in ba sanyi.

In ayarin zai kwana a daji inda ba wuta ba famfo, kamar filayen gwamnatin tarayya na yammacin ƙasar da ake barin mutum ya zauna kyauta har kwana 14, toh ruwan da kika ɗauko shi ne ruwanki, wanka sai a jiƙa jiki a kashe a saɓa sabulu a kunna. Kuma in maigida zai tayar da janareta ya ajiye shi nesa da taga, ku tabbatar na'urar da ke kuka in hayaƙi mai guba ya taru tana aiki, wannan hayaƙin ba shi da wari kuma yana kashe mutane a barci.

Sallah ba matsala, ku matafiya ne, hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ki tambayi malaminku ya yi miki bayani daidai da yadda tafiyar take, musamman inda za ku yi kwanaki a wuri ɗaya. Alƙibla daga Amurka arewa maso gabas take, amma ki sauke manhajar da ke aiki ba intanet, don akwai wurare a Nevada da Utah da za ki yi awa guda ba sabis. Juma'a ce sai an shirya, ku duba taswira tun kafin ku tashi ku ga wane gari za ku kasance ranar, garuruwan da ke da jami'a da yawa akwai masallaci. In hanyarku ta bi ta Iowa ku ɗan ratse Cedar Rapids, akwai ƙaramin masallaci da aka gina tun 1934, yana cikin mafi tsufa a ƙasar.

Abinci ki cika firiza da naman halal daga gida, ki yi yajinki da soyayyen tattasai, ki ɗau garin tuwo da kuka da busasshiyar kuɓewa, ba sa lalacewa ba sa cin wuri. Al'adar ayari ce wasu darare kowa ya dafo abu a haɗa a ci tare, naman alade kuwa yana shiga inda ba ki zata, har cikin wake da ganye, ki tambaya kai tsaye ba sa jin haushi. Da yamma kuma suna zama shan giya kafin cin abinci, ba dole, ki gaisa ki wuce ko ki zo da shayinki. Ni dai in kin bi tawa ki dafa musu dafa-duka daren farko ki rage yaji, daga ranar kin yi ƙawaye.

Zancen tsoro ba zan ce miki ƙarya ne ba. Ƙasar nan akwai lokacin da baƙar fata ba ya tafiya sai da wani ɗan littafi da Victor Green ya fara bugawa a 1936 mai nuna inda za a yarda ya kwana ya ci abinci, kuma akwai garuruwan da ba a yarda rana ta faɗi baƙi na ciki ba. Doka ta canza tun 1964, zukata kuwa ba duka ba. Za a kalle ki, wani wurin kallon mamaki wani wurin na rashin so. Amma a nan ne ayari ya fi tafiyar kaɗaici, kina cikin mutane ashirin da suka san sunanki kuma za su lura in ba ki iso ba. Ku sha mai da rana a manyan gidajen mai na bakin hanya, kar ku kwana ku kaɗai a inda ba ku sani ba. Akwai ma ƙungiyar baƙaƙen Amurka masu irin wannan tafiya, NAARVA, tun 1993 suke, in kin ji daɗin wannan karon sai ku neme su.

TAMBAYA: Oga ni direban babbar mota ne Kano zuwa Legas. Na ga bidiyo irin tirelar nan tana rawa a hanya har ta kifar da motar da ke janta. Me ke kawo haka, tunda mu namu bodin bai yi? 

AMSA: Sannu direba, Allah ya tsare hanya. Naka bodin a kan gatarin bayan kan motar yake zaune, nasu kuwa a can ƙarshen mota yake rataye a kan ƙwallon ƙarfe ɗaya, shi ya sa in ta fara kaɗa wutsiya take jan bayan motar. Abu uku ke tayar da ita, lodi ya yi yawa a baya, gudu, sai iska, ko ta Allah ko wadda irinku ke kwaɗa musu in kun zo wucewa. Maganin a loda kaya masu nauyi gaban gatari, wajen kashi 60 cikin ɗari, a sa ƙugiya mai sandunan raba nauyi, a rage gudu. A Kalifoniya ma doka ce mai jan tirela kar ya wuce mil 55 a awa. In rawar ta fara ba a taka birkin mota da ƙarfi, ba a kokawa da sitiyari, a ɗaga ƙafa daga totur a matsa birkin tirelar kaɗai, akwai ɗan maɓallinsa kusa da gwiwar direba, sai ta miƙe. A Wyoming kuwa iska kan yi ƙarfin da hukuma ke rufe hanya mai lamba 80 ga duk mota mai tsayi mara nauyi, ranar madugu zai ce ba inda za a je, kowa ya koma ya dafa shayi.

TAMBAYA: Wane ayari ne ya fi kowanne? In mutum sau ɗaya zai yi a rayuwarsa. Daga Houston.

AMSA: Wasu za su ce tsohuwar hanya mai lamba 66, Chicago zuwa Santa Monica, mil 2,448, an buɗe ta 1926. Tana da daɗi amma rabinta shagunan tsaraba ne. Wasu za su ce bikin balan-balan na Albuquerque a watan Oktoba. Ni Alaska zan ce. Hanyar ta fara daga Dawson Creek a Kanada ta ƙare a Delta Junction, kusan mil 1,400, sojojin Amurka suka fasa ta cikin watanni a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma da yawansu baƙaƙen fata ne. Za ka ga ɓauna kwance a gefen titi, ga ruwan zafi na Liard da ake shiga wanka, ga wani wuri a Watson Lake da matafiya ke kafa allon sunan garinsu tun wani soja da kewar gida ta dama ya fara, yanzu alluna dubbai ne, in ka je ka kafa na garinku.

Amma ka shirya. Ayarin Alaska na kamfani yakan ci wata ɗaya da rabi zuwa biyu, kuɗin mutum biyu yana iya haura dala dubu goma banda mai. Daga Yuni zuwa Agusta ake yi. Ƙanƙarar ƙarƙashin ƙasa tana kumbura kwalta ta yi tudu-tudu musamman bayan Destruction Bay, in ka shiga da gudu sai ka tarar da kwanukanka a ƙasa, tsakuwa kuma tana fasa gilashi, ka tafi da safaya biyu. Gidan mai in ka gani ka sha ko tankinka rabi ne. Sauro kuwa ba a magana. Rana a Fairbanks a ƙarshen Yuni tana kusan awa 22 a sama, don haka zancen lokutan magariba da isha da asuba ka warware shi da malami tun kana Houston. Sannan za ka ratsa Kanada, in kana da katin zama na dindindin na Amurka ka riƙe shi tare da fasfonka mai rai, in kuma da biza kake zaune sai ka nemi bizar Kanada daban kuma ka tabbatar takardunka za su bar ka ka sake shiga Amurka a iyakar Alaska.